Ƙari, Bi ko Ajiyewa: Tambayoyi da Amsoshi kan Poka Mai Iyaka a Ƙaramin Teburi

Tun da poka ta shigo wayoyin matasa, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa, ko a majalisar mai shayi a Yelwa ta Garwa, ko daga 'yan'uwa na Marwa da Kusiri da tsallaken gada a Injamena. Na tattara waɗanda suka fi yawa. Maganar duka a kan Holdem mai iyaka ce, wato pokar da ake ba kowa kati biyu a hannu a kuma shimfiɗa biyar na kowa da kowa a tsakiya, a teburin ƙananan zubi, inda mutane ba sa son rabuwa da katinsu. Wanda bai riƙe jerin hannuwa ba tukuna, wane ya fi wane, ya fara da wannan sannan ya dawo.

Kalmomin da za mu yi aiki da su kaɗan ne. In ba a zuba ba kuma ba ka son zubawa, ka wuce. In an zuba ka biya daidai, ka bi. In ka ɗora a kai, ka ƙara. In ka haƙura, ka ajiye. Abin da ya taru a tsakiya shi ne tsibi. Alamomin kati da sunan da muka saba za mu kira su: pik, ker, karo, tref.

Mece ce poka mai iyaka, kuma me ya raba ta da wadda muke gani a bidiyo?

Wadda kuke gani a YouTube, inda mutum ke ture duk abin da ke gabansa tsakiyar teburi, ita ce marar iyaka. Ta mamaye duniya ne daga 2003, shekarar da Chris Moneymaker, wani akanta da ya samu kujerarsa ta intanet, ya ci babbar gasar Las Vegas, ya tafi da dalar Amurka miliyan 2.5. Kafin nan mai iyaka ce aka fi bugawa a gidajen karta na Amurka.

A mai iyaka ba kai ke yanke yawan zubi ba, an riga an yanke. Ɗauki teburin sefa 100/200. Mutum biyu na hagun mai rabo suna sa zubin dole tun kafin su ga kati, na farko 50, na biyu 100. A zagaye biyu na farko, wato bayan an raba kati bibbiyu da kuma bayan an shimfiɗa uku a tsakiya, kowane zubi da kowane ƙari 100 ne. A kati na huɗu da na biyar ya koma 200. Yawancin teburi suna tsayawa a zubi ɗaya da ƙari uku a kowane zagaye, don haka ko duniya ta tashi hannu ɗaya ba zai ci maka fiye da 2,400 ba.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Ba ka da ikon korar mutum da girman kuɗi, shi ma ba shi da ikon korarka. Kuma kuskure a nan ba ya kashe mutum lokaci ɗaya. Ɗari nan, ɗari biyu can, sai dare ya raba ka duba gabanka ka ga wayam, ba ka ma iya nuna hannun da ya cinye ka ba.

Malam, mu faɗi gaskiya, wannan ba caca ba ce?

In da kuɗi a tsakiya, caca ce. Ba a sauya mata suna don zubin ƙarami ne, ko don akwai lissafi a ciki. Alƙur'ani ya ambace ta a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, ya hana ta a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma ba a ware sefa 50 ba. Ko karta ba kuɗi ma malamai sun yi saɓani a kanta, kowa ya tambayi malaminsa. Ta fuskar hukuma, a Kamaru akwai dokar 2015 kan wasannin kuɗi da sa'a, wadda ta ɗora neman izini a kan mai buɗe wurin wasa, ta kuma hana yara shiga.

A majalisarmu da ƙwallon dabino ake yi. Ana zuba su a gwangwanin madara, kowa a ƙirga masa sittin, ƙwallo ɗaya a matsayin 50, wanda nasa suka ƙare ya koma ɗan kallo. Akwai kuma manhajojin waya masu kuɗin wasa na banza. Na sa sefa a misalai ne don ƙidaya ta fi zama a kai, lissafin kuwa bai san bambancin ƙwallo da kuɗi ba.

Da wane hannu zan shiga, wane zan ajiye tun farko?

A nan ake yin asarar da ta fi kowace yawa, kuma a nan gyara ya fi sauƙi. Kati 52 suna ba da haɗin bibbiyu har 1,326, waɗanda suka kasu iri 169, kuma mafi yawansu shara ne. A teburin mutum tara ko goma, hannu ɗaya cikin biyar ko shida ya ishe ka. Sauran ka ajiye ka sha shayinka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Manyan tagwaye daga As biyu zuwa 10 biyu, da As da Sarki, da As da Dam, waɗannan da ƙari ake shiga da su, daga kowace kujera. Ƙananan tagwaye kamar 4 biyu ko 6 biyu, da masu bin juna kala ɗaya kamar 9 da 8 na karo, da As mai ƙaramin ɗan rakiya kala ɗaya, waɗannan hannuwan taro ne: suna son mutane da yawa a ciki da farashi mai araha. Ƙananan tagwaye suna samun na ukunsu a shimfiɗa sau ɗaya ne cikin takwas da rabi, kusan kashi 12 cikin ɗari. Sai in mutum huɗu ko biyar sun riga sun shiga ne ranar da ta faɗa za ta biya ranakun da ba ta faɗa ba. In ba ta faɗa ba kuwa, kada ka tsaya jira, kati biyu kacal suka rage maka cikin 47.

Su Sarki da 7, Dam da 5, As da 6 masu alama daban, su ne ke cin jarin sabon shiga. Suna da kyan gani, amma ranar da Sarkinka ya haɗu da na tsakiya, wani na riƙe da Sarki da Dam, kai ne za ka biya shi har ƙarshe.

Ana ta cewa kujera, kujera. Ba kati ɗaya ake raba wa kowa ba?

Mai rabo shi ke magana a ƙarshe a duk zagaye ukun da ke bayan shimfiɗa. Ya ga wanda ya zuba, ya ga wanda ya wuce, ya san mutum nawa ke ciki kafin ya taɓa kuɗinsa. Wanda ke farko kuwa cikin duhu yake. Sarki da Bale a kujerar farko abin ajiyewa ne, domin mutum takwas ko tara na bayanka ba su yi magana ba. Hannun nan dai a kujerar mai rabo, in kowa ya ajiye ya iso gare ka, abin ƙari ne.

Yaya, wani ya ƙara kafin a zo kaina, ina da As da 10. Ai ba a ajiye As, ko?

Ana ajiye shi, ƙanena, har ma da As da Bale in alamarsu daban. Tambayi kanka da me mutumin nan ke ƙarawa. A ƙaramin teburi yawancin mutane bi suke yi, ba sa ƙari sai da manyan tagwaye ko As da Sarki ko As da Dam. In yana da As da Sarki kai kana da As da 10, zai cinye ka kusan sau uku cikin huɗu, kuma abin takaicin shi ne ranar da As ya faɗo tsakiya, ranar ce za ka ji daɗi ka yi ta biya.

Bin ƙari da 200 alhali ba ka sa ko sisi a tsibi ba, ya kamata ya zama abu mai wuya a wurinka. Ko dai hannunka ya isa ka sake ƙarawa, kamar As biyu, Sarki biyu, Dam biyu, As da Sarki, don ka kori na baya ku rage ku biyu, ko ka ajiye. Wanda ke kan babban zubin dole ne kaɗai ke da rangwame, tun da rabin kuɗin ya riga ya shiga.

Duk lokacin da na ƙara da As biyu sai mutum shida su bi ni, wani ya cinye ni da 7 da 4. In daina ƙarawa?

Kada ka daina. As biyu suna zuwa sau ɗaya ne cikin 221, ba abin wasa da su ba ne. In abokin karawa ɗaya ne, suna cin kusan kashi 85 cikin ɗari. In mutum tara ne suka bi har ƙarshe, sai su sauka zuwa kusan kashi 31. Da jin haka sai mutum ya ce to ai an fi cinye ni. Gaskiya ne, amma dubi kuɗin: kashi 10 cikin ɗari na tsibin ne naka, kashi 31 kake kwashewa. Duk ɗarin da suka ƙara, kai ne mai kaso mafi tsoka a cikinta. Mai 7 da 4 da ya ɓata maka rai jiya, shi ne ke ciyar da teburin. Kada ka yi masa faɗa, kada ka koya masa.

To yaya ake sanin ko bi ya dace bayan an shimfiɗa kati?

Wannan ita ce zuciyar wasan, bari mu zauna a kanta.

Abu biyu kake aunawa. Na farko, abin da tsibi zai biya ka. Na biyu, yawan katunan da za su cece ka. Ka ce kana riƙe da As da 8 na ker, an shimfiɗa Sarkin ker, 9 na ker, 4 na pik. Ker 13 ne a karta, huɗu suna gabanka, saura 9. Katunan da ba ka gani ba 47 ne. Tara naka ne, 38 ba naka ba, wato kusan sau huɗu za ka faɗi kafin ka ci sau ɗaya a kati na gaba. Don haka kana buƙatar tsibi ya ninka abin da za ka biya fiye da sau huɗu. Mutum biyar sun shiga da 100, tsibi 500. Wani ya zuba, biyu sun bi, ya zama 800. Za ka sa 100 ka nemi 800, takwas a kan ɗaya, alhali huɗu da ɗan ɗoriya kake nema. Babu abin tunani, ka bi. A mai iyaka da wuya ka ga ranar da ya dace a ajiye neman kala irin wannan, wato neman kati biyar masu alama ɗaya, kafin kati na biyar.

Ga ƙididdigar da ya kamata ta zauna maka a ka, ta kati ɗaya mai zuwa. Neman kala, kati 9, kusan 4 a kan 1. Jere, wato kati biyar masu bin juna, in mai ƙofa biyu ne kamar 8 da 9 a kan 10 da 7, kati 8, kusan 5 a kan 1. Manyan kati biyu da suka fi duk na tsakiya, kati 6, kusan 7 a kan 1. Jere mai rami a tsaka, kati 4, kusan 11 a kan 1. Wanda bai son haddace wannan ya ninka katunansa da biyu, zai samu kusan kashi nawa cikin ɗari yake da shi a kati ɗaya, ko da huɗu in kati biyu suka rage.

Jere mai rami shi ne ya fi nuna yadda abin ke aiki, domin hannu ɗaya ne amma amsarsa na sauyawa. Kana da Bale da 10, an shimfiɗa Sarki, 9, 3. Dam kaɗai kake jira. In tsibi 500 ne wani ya zuba 100, shida a kan ɗaya ke nan, ka ajiye. In an yi ƙari tun farko, mutum biyar kowa ya sa 200, wani ya zuba wani ya bi, tsibi 1,200, sha biyu a kan ɗaya, ka bi. Sai kati na huɗu ya faɗo ba Dam ba. Yanzu tsibi 1,300, an zuba 200, ya zama 1,500, amma farashi ya ninka: bakwai da rabi a kan ɗaya. Hannun da ya dace a bi da shi minti ɗaya da ya wuce, yanzu na ajiyewa ne. Mutane da yawa a nan suke cewa ai na riga na sa kuɗi. Kuɗin da ya shiga tsibi ya daina zama naka, sai dai ka ƙirga shi cikin abin da ake nema.

Sannan ba duk katin ceto ne ke ceto ba. In kana da 8 da 7 a kan 9 da 10, Bale zai cika maka jere, amma zai cika wa mai Sarki da Dam jeren da ya fi naka. In akwai tagwaye a tsakiya, kalarka na iya cika ta tarar da ful, wato uku iri ɗaya haɗe da tagwaye, wanda ya fi ta. In akwai pik biyu a shimfiɗa kai ba ka da pik, cire katunan pik daga ƙidayarka. Idan taro ya yi yawa, ka rage ƙidaya, kada ka ƙara.

Kati biyu kala ɗaya fa, ba su isa a shiga ba?

Ba su isa ba. Suna cika kala zuwa kati na biyar kusan sau 6 ne cikin ɗari. Dam da 3 na tref, Dam da 3 ne.

Na ga wani yana ƙarawa alhali hannunsa bai cika ba. Hauka ne ko dabara?

Sau da yawa dabara ce, kuma iri biyu ce. Mai neman kala da kati biyu a gaba yana cikawa kusan kashi 35 cikin ɗari. In mutum uku za su bi ƙarinsa, rubu'in kuɗin ne nasa, kashi 25, yana kuma cin 35. Riba ce ko da yanzu ba shi da komai a hannu. Da mutum ɗaya wannan lissafin bai tashi ba, da biyu kuma da ƙyar ya tashi.

Ta biyu ta mai kujerar ƙarshe ce. Ya ƙara a shimfiɗa inda zubi ke 100. Da kati na huɗu ya faɗo, kowa ya tsorata ya wuce ya bar masa magana. In ta cika ya zuba 200, in ba ta cika ba shi ma ya wuce, ya ga na biyar a banza. Ya kashe 200 ke nan maimakon 300. Tana aiki a kan mutane masu sanyin hali. A kan mai zafin hannu da zai sake ɗora maka, tsada za ta yi.

In na samu babban hannu, ba gara in yi lamo su shigo ba?

Su shigo ina? Ai suna ciki. Lamo na wanda yake tsoron a gudu ne, a teburin nan kuwa ba mai gudu. Duk zagayen da ka wuce da hannu mai ƙarfi, ka yafe kuɗin da za a ba ka da hannu bibbiyu, ka kuma ba masu neman jere da kala kati kyauta.

Akwai wucewa ɗaya da nake yabawa, wadda ba lamo ba ce. Kana kan zubin dole da As da Dam, an shimfiɗa Dam, 8, 4, mutum biyar, tsibi 500. In ka zuba, na kusa da kai zai ga 600 a kan 100, shida a kan ɗaya, kowa ya bi. In kuwa ka san na ƙarshe mai son zubi ne, ka wuce, ya zuba, ka ƙara. Yanzu na tsakiya sai sun biya 200 su nemi 800, huɗu a kan ɗaya. Wanda ya ajiye ya rage maka haɗari, wanda ya bi ya saya da tsada. Sai dai ka tabbata za a zuba ɗin, in ba haka ba ka yi kyauta.

Na zuba a kati na huɗu da manyan tagwaye, sai aka ƙara mini. Me zan yi?

Dubi wanda ya ƙara kafin ka dubi katinka. Kowace majalisa tana da kawu irin wannan: tun magariba yake bi, bai ɗaga murya ba, bai ƙara ko sau ɗaya ba, kofin shayinsa a hannun hagu. Sai ga shi ya ajiye kofin, ya ƙirga ƙwallo takwas a hankali, ya tura. Kawu ba burga yake yi ba. Tagwaye biyu ne aƙalla, ko uku iri ɗaya, ko jere.

Ƙirga kuɗin ganin ƙarshe gaba ɗaya, ba na yanzu kaɗai ba. In tsibi 1,400 ne bayan ƙarinsa, za ka biya 200 yanzu da wata 200 a na biyar, 400 ke nan don neman 1,600. Sai kana cin sau ɗaya cikin biyar kafin ka fita. A gaban kawu, da tagwaye ɗaya ba wani abin jira, ka ajiye. A gaban yaron da ke ƙari da duk abin da ya samu, ka bi har ƙarshe, kada ka sake ɗorawa.

A kati na biyar, ina jin an cinye ni. In ajiye in tsira da 200?

A nan ne shawara ke juyawa, kuma a nan ne masu ɗan ilimi suka fi jahilai asara. Wanda ya koyi ajiyewa a farko yakan zarce da ita har ƙarshe, yana jin kansa gwani. Tsibi 2,000 ne har da zubin abokin karawarka, kai 200 za ka biya. In ka bi sau goma sha ɗaya, aka cinye ka sau goma, ka rasa 2,000. Ka ci sau ɗaya, ka maido 2,000. Wato ko sau ɗaya cikin sha ɗaya ne kake da gaskiya, ba ka yi asara ba. Wa ya isa ya rantse cewa ya san katin wani da tabbacin da ya wuce kashi 90 cikin ɗari? Bi a kan kuskure 200 ne. Ajiyewa a kan kuskure tsibi ne sukutum.

Saboda haka in tsibi babba ne, abokin karawa ɗaya ne, hannunka kuma na iya cin wani abu, ka biya ka gani. Abin da ke rage wannan ƙarfin gwiwa shi ne in wani ya riga ka bi, domin yanzu mutum biyu za ka ci, kuma na biyun ba burga yake yi ba. Haka in zubi da ƙari ne suka iso ka tare.

Ɗaya ɓangaren kuma, kada tsoro ya hana ka zuba na ƙarshe. Kana da manyan tagwaye da ɗan rakiya mai kyau, kati na biyar bai cika wata kala ko jere a fili ba, ka zuba. Za su bi ka da tagwaye na biyu, da na uku, har da As tsirara don kawai su gani. Wannan 200 ta ƙarshe, in aka tara ta, ita ce bambancin mai tashi da riba da mai tashi da jarinsa.

Yaushe ake burga?

Da wuya. A takarda tana da araha: 200 a kan tsibin 1,000, in an ajiye maka sau ɗaya cikin shida ka fita. Da mutum ɗaya mai iya ajiyewa, a kan shimfiɗa busasshiya, gwada. Da mutum huɗu, ɗayansu na da wani abu, kuma zai bi. Waɗanda suka koyi poka a bidiyo nan suke ƙonewa.

An ce kwamfuta ta gama da wannan wasan. Gaskiya ne?

Da wani ɓangarensa. A Janairun 2015 masu bincike na Jami'ar Alberta a Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, suka wallafa a mujallar Science cewa manhajarsu mai suna Cepheus ta warware Holdem mai iyaka ta mutum biyu, ta yadda ko mutum ya yi rayuwarsa duka yana karawa da ita ba zai iya nuna ya fi ta ba. Kusan wata biyu ta yi tana wasa da kanta a kan dubban injuna. Ta tabbatar da abin da tsofaffin 'yan wasa ke faɗa, cewa mai rabo ne ke da rinjaye, kuma in ita ce da maganar farko kusan ba ta bi kawai, ko ta ƙara ko ta ajiye. Amma na mutum biyu ne. Teburin mutum takwas da kowa ke bi wani abu ne daban, kada ka kwafi yawan hannuwan da take shiga da su.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne, a intanet ba ka ganin wanda ke ɗaya gefen.

Ana iya rayuwa da wannan?

A'a, ɗan'uwa, kuma ba wa'azi nake maka ba, lissafi ne. Tsohon ma'aunin gwanaye shi ne babban zubi ɗaya a awa. A teburin 100/200, sefa 200 ke nan a awa, ga gwani, bayan dogon zama. Jarin da aka saba cewa a tanada don jure rashin sa'a babban zubi 300 ne, wato jaka sittin, don neman kuɗin da bai kai na hawa babur biyu ba. Sannan duk inda mai gida ke cire la'ada, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na tsibi, a ƙaramin teburi ta fi ciwo: kashi 10 na 2,000 shi ne 200, ribar awa guda ta tafi a hannu ɗaya. Inda ba la'ada, abin da ka ci aljihun abokinka ya fito. Wanda ya ga yana tura kuɗi ta waya da tsakar dare don ya rama, ko yana taɓa kuɗin cefane, ya bar maganar ƙari da bi, ya nemi wanda yake jin nauyinsa ya gaya masa.

In dare ya yi mutane sun watse, muka rage mu huɗu, shawarar nan tana nan?

Lissafin tsibi yana nan, zaɓen hannu ne ke sauyawa. Zubin dole 150 ne a kowane kewaye. Da mutum goma, 15 ke nan a kowane hannu, kana iya zama ka jira. Da mutum huɗu ya kusa 38, jira ya zama asara. Hannuwan taro, su 7 da 6 kala ɗaya, darajarsu ta faɗi domin babu taron da zai biya su. Manyan kati kuwa sun tashi: As da kowane kati, Sarki da 9, kowaɗanne tagwaye, duka na ƙari ne daga kujerar mai rabo. In kowa ya ajiye ya iso gare ka, kada ka shiga da bi, ka ƙara ko ka ajiye, domin kana son masu zubin dole su bar maka 150 ɗin ba faɗa. Bayan shimfiɗa kuma tagwaye na biyu, wanda za ka yar a cikin mutum bakwai, a nan sau da yawa shi ne kan gaba, ka zuba da shi, in an ƙara maka sau ɗaya ka bi.